Wutar Manara da Rantsuwar Sarki Zuhairu

An yi wani sarki a wata ƙasa ta bakin teku, ana ce masa Zuhairu, wanda tun da ya hau gadon mahaifinsa bai taɓa saɓa maganar da ya furta ba, babba ko ƙarama. A lokacin da wannan hikaya ta riske shi, bai cika mako guda da hawa ba.

Sunan birninsa Murjani, gari ne na fatake da masunta, wanda arzikinsa duka daga ruwa yake zuwa, kamar yadda yawancin makokinsa ma daga can yake fitowa. Dalili kuwa, a bakin mashigar jirage akwai wasu duwatsu kwance ƙarƙashin ruwa, waɗanda mutanen garin ke kira Haƙoran Tsohuwa, saboda ba su da yawa, amma ɗan abin da ya rage yana cizo. Daura da su, a kan wani tsauni da ya kutsa cikin teku, akwai doguwar hasumiya da ake hura wuta a samanta kowace magariba, don matuƙa su san inda Haƙoran suke su kauce musu. Malamai suna kiranta Manara, sauran jama'a kuma da suka ji sunan ba ya da wuyar faɗi, sai suka bi su.

Mutanen Murjani suna da wata al'ada da suka gada kaka da kakanni: idan sarki ya rasu, sai a kashe kowace wuta, ta murhu da ta maƙera da ta aci-balbal, a zauna ana shan gari da ruwan sanyi har ranar sadakar bakwai, sannan sabon sarki ya ƙyasta sabuwar wuta a ƙofar fada, kowane gida ya zo ya ɗiba. Malamai sun duba littattafai ba su sami asalin abin ba, sai suka duba fuskokin dogarai, suka ce lalle al'ada ce mai tsohon tarihi.

Ranar da aka binne Sarki Ukashatu, ɗansa Zuhairu ya tsaya gaban jama'a, idanunsa jajur, ya ce, "Rana ta faɗi a Murjani. Na rantse da Allah, duk wanda ya hura wuta a ƙasa kafin a yi sadakar mahaifina, sai an kashe wutar idanunsa." Sankira ya ɗauki maganar yadda ta fito, ya zaga da ita lungu-lungu. Waziri Hamdunu, dattijon da ya yi wa marigayin hidima tun suna samari, yana tsaye a gefe. Ya buɗe baki, ya kuma rufe shi, don ya san wanda ya tare rantsuwa a bakin mai kuka, a kansa take sauka. Bai tuna da Manara ba, babu kuma wanda ya tuna. Marigayin ne ya fara sa mata wuta, saboda haka ba a taɓa yin makokin sarki tana ci ba, ballantana a tambayi hukuncinta. Kuma haskenta teku yake fuskanta, ba a ganinsa daga cikin gari.

Ana nan ana karɓar gaisuwa, sai wani baƙo mai suna Safwanu, shugaban wani jirgin fatake daga ƙasa mai nisa, ya nemi iso. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya yi ta'aziyya yadda ta kamata, sannan ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na zo da ta'aziyya, na kuma zo da godiya. Jiya iska ta kwashe mu ta nufi duwatsunku da mu, muna ɗauke da mata da tsofaffi, har mun fara kalmar shahada, sai ga wutar Manara ta bayyana kamar an buɗe ƙofar rahama. Allah ya saka wa gidan da bai bar baƙo cikin duhu ba, ko a ranar baƙin cikinsa."

Fada ta yi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Safwanu ya duba hagu ya duba dama, ya gane cewa ya faɗi wani abu, amma bai gane ko mene ne ba.

Sarki ya ce, "Wace wuta ka ce?"

Ya ce, "Ta Manara, ranka ya daɗe."

Kafin azahar an kawo Sarkin Fitila Mikdadu, mai kula da wutar, wani tsoho gajere mai ƙonannun gashin gira. Aka tambaye shi ko ya ji shela, ya ce ya ji. Aka tambaye shi ko ya hura wuta, ya ce ya hura. Aka dakata ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Alƙali ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, shari'a ta yi sauƙi a nan. Wanda ya rantse, ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya ciyar da miskinai goma."

Sarki ya ce, "Rantsuwata ta farko a kan gadon nan, in fanshe ta da tuwo? Gobe wa zai ji tsoron ta biyu? Kuma da wace wuta za a dafa shi, malam?" Alƙali ya ga mas'alar ta fi ƙarfin abin da ya karanta, ya koma jan carbi.

Sai sarki ya juya ga waziri, muryarsa ta yi sanyi, ya ce, "Waziri, an ce mahaifina bai taɓa shiga ɗaki ka rasa masa ƙofar fita ba. To, ga ɗakina. Ba zan zama sarkin da ya karya rantsuwarsa tun ƙasar kabarin ubansa ba ta bushe ba. Ba na kuma so in zama sarkin da ya makantar da mutum don ya ceci rayuka. Ka kawo mini hukuncin da zai bar mini maganata, ya bar wa wannan tsoho idanunsa. Na ba ka zuwa hantsin gobe. In ka kasa, za a zartar, kai kuma za ka tsaya kana kallo."

Waziri ya ce, "Na ji, na karɓa, Allah ya ba ka nasara." Ya fito yana tafiyar mutumin da ya san inda za shi, domin wannan tafiyar rabin aikin waziri ce. A zuciyarsa kuwa bai san komai ba tukuna.

Ya wuce gidan yari, ya tarar da Mikdadu zaune ya jingina da bango. Sun san juna tun ana ɗora dutsen ƙarshe na Manara, saboda haka babu wata doguwar gaisuwa.

Waziri ya ce, "Sarkin Fitila, ka tsufa ba ka yi hankali ba."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai da ka yi, ga shi mun haɗu a ɗaki ɗaya."

Waziri ya rage murya ya ce, "Tsaunin nan yana da nisa, teku kuma tana da ƙara. Tsoho irinka yana iya cewa ruɗewa ya yi a gaban sarki, bai ji shela ba."

Mikdadu ya ce, "Na ji ta sarai. Sankira har bakin gadar da ke kai mutum Manara ya zo, ya maimaita sau biyu kamar yadda ya yi a ko'ina. Ni na ji. Haƙora ne ba su ji ba. Ka taɓa ganin dutse yana zaman makoki?" Sannan ya ƙara da cewa, "Idanun ba su dame ni ba kamar yadda kake zato, sun riga sun sha hayaƙi. Amma yau wa zai hura? Iskar yamma ta fara, lokacin dawowar jirage ne."

Waziri ya miƙe. Ya fito yana juya kalmomin rantsuwar a bakinsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ya tsaya a kan guda ɗaya. Ya ga ƙofar da ake nema, ya kuma ga ƙanƙantarta: irin ƙofar da in an nuna wa saurayi mai zafin zuciya a gaban fadawa, zai ce an raina masa hankali, ya toshe ta da hannunsa. Saboda haka bayan la'asar ya shiga wurin sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, alƙali ba ya hukunci a kan gonar da bai taka ba. Ina roƙon ka zo mu ga wurin da aka yi laifin, ni da kai kaɗai."

Sarki Zuhairu, kamar yawancin mutanen Murjani, an haife shi yana ganin Manara, bai kuwa taɓa shiga cikinta ba. Suka bar dogarai a bakin gadar dutse, suka shiga. Babu matakala a ciki, sai hanya mai gangare da ke murɗawa sama kamar cikin dodon koɗi, an yi ta haka don jaki ya iya hawa da tulunan man riɗi. Waziri ya ce a duk masarautar babu wanda ya san tsawon Manara kamar wannan jakin, kuma bai taɓa yin alfahari da saninsa ba.

Ƙasan ginin baƙin dutse ne, kauri ya fi tsawon mutum, babu taga sai ƴan tsagi masu faɗin kibiya. Waziri ya dafa bango yana hutawa, ya ce, "Wannan kakan mahaifinka ne ya gina shi, don tsoron abokan gaba da aka ce za su zo ta ruwa. Ya zuba masu gadi, aka yi ta jira. Ba su zo ba har ya rasu, abin da ya tabbatar wa fadawansa cewa ginin ya yi aiki."

Suka ci gaba, sai dutse ya canja ya koma fari, tagogi suka buɗe suna kallon gari. Waziri ya ce, "Daga nan kakanka ne. Wani sarki maƙwabci ya gina hasumiya, aka zo aka ce ta fi tamu. Kakanka ya ƙara, shi ma ya ƙara, kakanka ya sake ƙarawa, ya sa aka sassaƙa kirarinsa a jikin bango ta wajen gari, da haruffan da ake karantawa daga kasuwa. Haka suka yi ta yi har Allah ya karɓi ransu, aka sa kowannensu a ramin da bai fi na ɗayan zurfi ba."

Sarki ya ce, "Baba Waziri, tarihi ka kawo ni in ji, ko hukunci?"

Ya ce, "Gwiwoyina ne ke neman uzurin tsayawa, ranka ya daɗe. Saura kaɗan."

Da suka kai inda farin dutse ya ƙare, waziri ya tsaya, wannan karon ba don gwiwa ba. Ya ce, "Mahaifinka yana yarima muka dawo daga aikin hajji a jirgi ɗaya. Duhu ya same mu a bakin gari, matuƙi ya hangi fitilun kasuwa ya ɗauka mashiga ce, ya kai mu kan Haƙora. Ni da mahaifinka wani katako ne ya riƙe mu. Ƙanensa, wanda aka sa maka sunansa, bai sami katako ba. Da gari ya waye muna kwance a kan yashi, abin da muka fara gani shi ne wannan hasumiya, fara fat, tana tsaye da kirarin kakanka a jikinta. Mahaifinka ya daɗe yana kallonta. Bai ce komai ba sai da ya hau sarauta, sannan ya kira magina."

Suka shiga ɗakin ƙarshe. Ta fuskar teku a buɗe yake, ginshiƙai ne kawai ke riƙe da rufin, wanda aka huda don hayaƙi. A tsakiya akwai wani babban kasko na dutse cike da mai, da lagwanin auduga masu kaurin damtse. A bayan kaskon aka tsayar da madubin tagulla da ya fi mutum tsawo, mai zurfin ciki kamar tasa, an goge shi da toka da tsamiya har yana ɗaukar ido. Bayan madubin kuma bango ne rufaffe, ko tsagi babu.

Sarki ya ce, "Don me aka toshe wajen gari?"

Waziri ya ce, "Madubi yana tattara hasken ya jefa shi teku, ba ya rage wa baya komai. Fadawa sun roƙi mahaifinka ya buɗe ko taga ɗaya, don talakawa su riƙa ganin aikin sarkinsu. Ya ce musu, ‘Ba don a gan ni na gina ta ba, don a gani.’"

Sarki ya tsaya a bakin ginshiƙi yana kallon teku. Rana ta yi ja tana nutsewa, iska tana kaɗa masa rawani, a ƙasa kuma ruwa yana farfashewa fari a kan abin da ido ba ya gani. Can nesa sai ga filafilan wani jirgi, ƙarami kamar ƙwayar gero, yana tahowa. Masu ba da labari sun saɓa a nan: wasu sun ce ikon Allah ne kawai, wasu sun ce ikon Allah ne, amma waziri ya riga ya ji daga bakin Mikdadu cewa lokacin dawowar jirage ne.

Sarki ya ce, "Jirgin wa ke nan?"

Waziri ya ce, "Ban sani ba, ranka ya daɗe. Manara ba ta taɓa tambaya ba."

"Zai shigo kafin duhu?"

"Ba zai shigo ba."

Suka tsaya. Jan sararin ya koma toka-toka, jirgin ya matso, kansa a miƙe zuwa inda ruwa ke fari. Sarki ya ce, "Waziri, hura wutar nan."

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, idanuna sun tsufa, amma ina da sauran buƙata da su. Sarki ya rantse, ni kuwa ban taɓa jin ya saɓa ba."

Sarki ya dube shi duba mai tsawo. Sannan ya juya, ya lalubo ƙyastu da ƙanƙara da auduga a wani alkuki da ke bango, ya durƙusa gaban kaskon. Ba aikin da ya saba ba ne. Ya ƙyasta ya ƙuje yatsa, ya sake ya ƙona bakin hannun riga, waziri kuwa bai taimaka masa da ko numfashi ba. Daga ƙarshe lagwani ya kama, na kusa da shi ya kama, madubin ya cika da wuta, haske ya miƙe bisa ruwa kamar an shimfiɗa farin ƙyalle. Suka zuba ido. Jirgin ya ci gaba kamar bai gani ba. Sannan a hankali filafilansa suka karkata, ya ba Haƙora baya, ya nufi mashiga.

Suka yi sallar magariba a nan, waziri ya ja. Da suka sallame, sarki ya dubi hannunsa mai baƙin hayaƙi ya ce, "To, Baba Waziri, ka sami abin da kake so. Yanzu masu laifi biyu ne. Ido huɗu za a cire, ko rantsuwa ɗaya za a karya?"

Waziri ya ce, "Ko ɗaya. Ina roƙon sarki ya maimaita lafazin rantsuwarsa yadda ya fito."

Ya ce, "Duk wanda ya hura wuta a ƙasa."

"Allah ya ba ka nasara, leƙa ka nuna mini ƙasa."

Sarki ya leƙa. Dogaransa a bakin gada sun koma kamar tururuwa.

Waziri ya ce, "Ga ƙasa can, mu kuwa muna sama. Wutar nan ba a ƙasa aka hura ta ba, haskenta ma bai taɓa sauka a ƙasa ba ko da na taki ɗaya, mahaifinka ya toshe masa hanya da bango. Wanda ya hura wuta a ƙasa, rantsuwarka tana nan tana jiransa. Mikdadu bai yi ba, kai ma ba ka yi ba."

Sarki ya yi wani ɗan murmushi, na farko tun rasuwar. Ya ce, "Wannan wayon malamai ne. Ni na san ƙasar da nake nufi, kai ma ka sani. Kuma da ka faɗa mini shi a fada, ka hutar da ƙafafunmu."

Waziri ya ce, "Gaskiya ne, wayo ne. Da na faɗa a fada, da wayo kaɗai ka ji, ka ƙi shi don girmanka, ko ka karɓe shi kana jin kunya. Kalmar ƙofa ce kawai, ka nema na samo, don jama'a su ga sarkinsu bai haura katanga ba. Amma hukuncin ba ni na yanke shi ba. Kai ka yanke shi da hannunka, lokacin da ka ɗauki ƙyastu kana zaton idanunka ne a kan faifai, don mutanen da ba ka san sunansu ba. Abin da Mikdadu ya yi ke nan, sai dai shi bai ƙona rigarsa ba."

Da hantsi fada ta cika. Sarki ya bayyana hukunci da bakinsa, bai ɓoye ƙunar hannun rigarsa ba. Alƙali ya ce lalle lafazi yana da hukuncinsa, dama abin da yake shirin faɗa ke nan jiya aka katse shi. Aka kwance Mikdadu, sarki ya ba shi riga da rawani, ya kuma yi umarni cewa daga ranar ba za a sake kashe wutar Manara don mutuwar wani sarki ba, har da tasa. Mikdadu ya yi godiya a taƙaice, ya nemi izinin tafiya, don an bar madubi bai sha guga ba. Safwanu, wanda ya kwana yana tsine wa harshensa, ya yi alkawarin ba zai ƙara gode wa kowa ba sai ya tambayi al'adar gari. Waziri Hamdunu kuwa, sarki ya yafa masa alkyabbar mahaifinsa, ya ce, "Duk ranar da ka ga na buɗe baki ina fushi, ka ja ni zuwa wani wuri mai tsawo."

Masu hikima suka ce, adalci kamar wutar manara yake: mai shi yana bayansa cikin duhu, fuskarsa kuwa tana ga baƙon da bai san sunansa ba; kuma sarkin da ya fi son maganarsa da ran talakansa, ya tsare fitila ne ya zubar da mai.

Sarki Zuhairu ya daɗe yana mulki, ya rage rantsuwa ƙwarai. Da wa'adinsa ya cika, sankira ya zaga gari da shela irin ta da, kalma da kalma, cewa kada a hura wuta a ƙasa har a yi sadaka. Mutanen Murjani mutane ne masu biyayya, babu ko ɗaya da ya saɓa. A kan soro aka yi tuwon wannan makon.